Tsohuwar Zuma a Tukunya Mai Yoyo: Magana Kan Dawowar Ahmed Musa Kano Pillars



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Fiyayyen Halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, na san wasu daga cikin 'yan'uwa masu karatu za su ɗaga gira idan suka ga wannan take, har su ce yau kuma Malam ƙwallo ya koma? To a yi mini uzuri. Abin da ya cika bakin ɗalibanka da maƙwabtanka da direban da ke ɗauke da kai, har ya kai 'yan'uwa biyu su daina gaisawa a kansa, ya wuce a kira shi wasa, ko da kuwa sunansa ke nan.

Abin da ya ja ni ga wannan rubutu wata tafiya ce da na yi daga Ajingi zuwa Gaya, ina dawowa daga ɗaurin auren wani tsohon ɗalibina. Tun kafin mu bar tasha musu ya ɓarke tsakanin direba da wani saurayi da ke zaune a gaba. Direba na cewa dawo da Ahmed Musa shi ne alheri mafi girma da ya taɓa samun Kano Pillars. Saurayi kuma na cewa an mayar da ƙungiyar gidan 'yan fansho, duk wanda Turai ta tsotse ta yar sai ya taho ya huta a Ƙofar Mata. Kafin mu yi nisa mota ta rabu gida biyu, har da wani dattijo mai buhun gero a baya wanda na tabbata bai taɓa shiga filin wasa ba. Sai da muka iso Gaya direba ya waiwayo ya ce, "Malam, kai ba ka ce komai ba." Na ce masa maganar ta fi ƙarfin tasha, zan rubuta. Ga shi na cika alkawari, kuma ina kyautata zaton daga shi har abokin musunsa babu wanda zai ji daɗin abin da zan faɗa gaba ɗaya.

Masu cewa ya ƙare

Bari in fara da saurayin da ire-irensa, domin tasu ta fi sauƙin warwarewa.

Ni ganau ne ba jiyau ba. A kakar wasa ta 2009 zuwa 2010 ina ɗalibi a jami'a a Kano, kuma duk ranar da Pillars ke wasa a gida, in dai aljihu ya yarda, muna cikin 'yan kallo. A wannan kaka ce wani siririn yaro ɗan shekara 17, wanda in ya zura da gudu sai ka ce iska ce ta ɗauki leda, ya zura ƙwallo 18 a gasar ƙasa. Kafin shi, tarihin da ke ajiye shi ne ƙwallo 17 da Ishaya Jatau ya ci tun 1990, wato shekara ashirin babu wanda ya wuce shi. Pillars ta gama ta biyu a bayan Enyimba a shekarar. Daga nan ya wuce VVV-Venlo ta ƙasar Holan, inda sai da aka jira ya cika shekara 18 a watan Oktoban 2010 kafin dokar FIFA ta ba shi damar bugawa. A 2012 ya koma CSKA ta birnin Mosko, ya ɗauki kofin ƙasar Rasha sau uku, a 2013 da 2014 da 2016. Yana cikin tawagar da ta ciyo wa Najeriya kofin Afirka a 2013. A gasar cin kofin duniya ta 2014 a Birazil ya zura wa Ajantina biyu, ya zama ɗan Najeriya na farko da ya ci ƙwallo biyu a wasa ɗaya a wannan gasa. A 2018 a Rasha ya maimaita wa Aisilan. Ya buga wa Najeriya wasa sama da 100, ya wuce Joseph Yobo da Vincent Enyeama da suka tsaya a 101.

Na jero waɗannan ne ba don mai karatu bai san su ba, sai don in nuna girman butulcin da ke cikin kalmar "ya ƙare" idan ta fito daga bakin wanda ya yi tsalle ya fasa benci a gidan kallo ranar wasan Aisilan. Mu mutane ne masu saurin ɗaga mutum sama, masu saurin sakinsa kuma ya faɗo. Rashidi Yekini, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallo 37 kuma ya ci mata ƙwallonta ta farko a kofin duniya a 1994, shi ma ya dawo gasar gida a ƙarshen wasansa, ya buga wa Gateway a 2005 yana da shekara 41. Da ya rasu a 2012 kowa ya fito da hawaye da kirari, amma shekarun da ya yi a Ibadan a kaɗaice kafin nan, 'yan kirarin ba su san hanyar gidansa ba.

Ba zan ɓoye abin da ke hannun masu suka ba, domin adalci ya hau kanmu ko a kan ƙwallo ne. Gaskiya ne Leicester ta saye shi a 2016 a kan kuɗin da ya kai kimanin fam miliyan 16, kuma bai yi abin da aka sa rai ba a Ingila, har aka mayar da shi CSKA aro a 2018. Gaskiya ne lokacin da ya dawo Pillars a watan Afrilun 2021 ya shafe watanni ba shi da ƙungiya tun rabuwarsa da Al-Nassr ta Saudiyya a Oktoban 2020, kuma bai daɗe ba ya wuce Fatih Karagumruk ta Turkiyya. Wanda ya ce wancan zuwan na farko zuwan shan inuwa ne kafin rana ta yi sanyi, ba zan ce ya yi ƙarya ba. Gaskiya ne kuma a gasar kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024 yana cikin tawaga a matsayin kyaftin amma bai taka fili ba har aka kai wasan ƙarshe.

To amma me ya biyo baya? A watan Oktoban 2024, yana dab da cika shekara 32, ya sake dawowa Pillars, kuma a wasansa na farko ya zura wa Sunshine Stars ta Akure ƙwallo biyu, aka tashi biyu da nema. Wanda ya ƙare ba ya yin haka. Kuma shekara 32 ba tsufa ba ne a gasar da Rabi'u Ali Pele ya ci gaba da zura ƙwallo a cikinta bayan ya haura arba'in. Gudu yana raguwa, wannan sunnar rayuwa ce, amma sanin inda za a tsaya, da sanin lokacin da za a saki ƙwallo, da natsuwa a gaban gola, waɗannan ƙaruwa suke yi da shekaru. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Malam Bahaushe, kuma a nan bai yi kuskure ba.

Akwai wata magana da saurayin nan ya yi wadda ta fi duk sauran ɓata mini rai. Ya ce, "Shi ma fa ba ɗan Kano ba ne, ɗan Jos ne." Subhanallah! A kan hanyar Gaya ake faɗin wannan? Ruwayar da muka taso muka ji daga iyaye da kakanni ita ce maƙeran Gaya ne suka tafi neman tama har suka yada zango a gindin Dala, kuma ana cewa sunan ɗayansu ne garin ya ɗauka. In ana bin wannan awo na wa ya zo daga ina, to birnin kansa baƙi ne suka kafa shi, kuma mu ne baƙin. Kano ba ta zama Kano ba sai da ta iya mayar da baƙo ɗan gida, daga Wangarawa zuwa Larabawan Dandalin Turawa zuwa mutanen Sabon Gari. Mutumin da ya samu dukiya a Rasha da Ingila da Saudiyya, ya zo ya gina cibiyar wasanni a Hotoro ya ɗauki 'ya'yan mutane aiki, in bai zama ɗan gida a wurin Masu Gida ba, to a faɗa mini abin da ake yi a zama.

Masu jiran mai ceto

Yanzu kuma sai direba da jama'arsa, waɗanda a zahiri nake tare da su, kuma saboda haka ne ma zan fi tsananta musu.

Kun ce a dawo da shi, an dawo da shi, har sau biyu. Madalla. Sai me ya faru? Ya zo a 2021, ya tafi. A 2022 Kano Pillars, mai kofin ƙasa huɗu, na 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta faɗa gasar 'yan dagaji. Ƙungiyar da a 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ƙungiyar da ta shafe kusan shekara goma sha biyu ba a ci ta a gida ba a gasar ƙasa, har sai da Nasarawa United ta karya lagon a 2015. Wannan ita ce ta sauka ƙasa. Kuma ba rashin ɗan wasan gaba ne kaɗai ya saukar da ita ba. A watan Afrilun 2022, a wasan da aka yi da Katsina United a filin Sani Abacha, magoya baya suka afka fili, aka farfasa motar baƙi, hukumar gasar ta ci ƙungiyar tarar naira miliyan 9, ta zabtare mata maki uku, ta kore ta daga gida. Kafin kakar ta ƙare aka sake zabtare wasu makin saboda cin zarafin mataimakin alƙalin wasa. Abin dariya abin kuka, a ƙarshen kakar daga Pillars har Katsina United tare suka gangara. An fasa motar maƙwabci, sannan aka hau mota ɗaya da shi zuwa ƙasa.

Wani zai ce ai wannan ya wuce, an ɗauki darasi, ƙungiya ta dawo sama a 2023. To mu zo watan Oktoban 2025. Ahmed Musa na nan, ba ya Turkiyya ba ya Saudiyya. Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo a ƙarshen wasa aka tashi ɗaya da ɗaya, sai jama'a suka sake tsallake shinge suka bi alƙalan wasa da 'yan wasan baƙi. Hukunci: maki uku da ƙwallo uku sun tafi, tarar naira miliyan 9 da rabi, aka rufe wa ƙungiya filinta aka tura ta Katsina. Wanda ya fito ya ba duniya haƙuri a madadinmu shi ne mutumin da muke musu a kan ko ya isa ya buga mana wasa.

Ina son mai karatu ya yi wannan lissafi da ni, domin ba ya buƙatar zuwa jami'a. Nasara a wasa maki uku ce. Ƙwallo biyun da Ahmed Musa ya ci Sunshine Stars maki uku suka kawo. Rabin sa'a na hauka a Ƙofar Mata maki uku ya kwashe, ya haɗa da kuɗin da zai biya albashin 'yan wasa da dama, ya haɗa da kuɗin ƙofa na duk wasannin da aka buga a garin wasu, ya haɗa da cinikin mai ruwan leda da mai rake da ɗan adaidaita da ke jiran ranar wasa. Wato abin da tsohon ɗan wasa ya ɗebo da ƙafarsa, mai goyon baya ya zubar da hannunsa. Sannan mai goyon bayan nan ya koma teburin mai shayi ya zauna yana nazarin ko ƙafar Ahmed Musa ta yi nauyi! An bar jaki ana dukan taiki.

Ban ce duk mai goyon bayan Pillars ɗan tarzoma ba ne; mafi yawa mutanen kirki ne, kuma da yawansu sun fi ni jin zafin abin. Ban kuma ce alƙalan wasanmu mala'iku ba ne. Amma na zauna a gidajen kallo a Gaya na ji yadda ake ba da labarin dukan alƙalin wasa ana dariya, ana cewa "ya ji a jikinsa". Wanda ya yi jifa mutum ɗaya ne, amma waɗanda suka yi masa tafi a zuci su ne suka sa gobe zai sake. Baƙon da ya taso daga Ibadan ko Katsina ya shigo garinka da amincewar cewa zai fita lafiya, amana ce a wuyanka, kuma ban san wata fassara da za ta fitar da filin ƙwallo daga wannan hukunci ba.

Ba a nan kaɗai ake wannan mafarki na mai ceto ba. Yaran da ke cika gidajen kallonmu sun ga yadda Manchester United ta dawo da Cristiano Ronaldo a 2021. Ya ci ƙwallo 24 a kakar farko, ya fi kowa a ƙungiyar, amma ta ƙare ta shida a teburi, kuma a Nuwamban 2022 aka rabu baram-baram. Sun kuma ga Didier Drogba ya koma Chelsea a 2014 ya ɗauki kofin Firimiya a 2015. Bambancin ba a ƙafafun mutanen biyu yake ba. Drogba ya tarar da gida a gine, da Diego Costa a gaba yana cin ƙwallo, aikinsa shi ne ya toshe gurbi ya kuma riƙe ɗakin canza kaya. Ronaldo ya tarar da rufi na yoyo aka ce ya zama laima.

Hula biyu a kai ɗaya

A watan Yulin 2025 gwamnatin Jihar Kano, wadda ita ce mai ƙungiyar, ta naɗa Ahmed Musa Janar Manaja na Kano Pillars, alhali bai rataye takalmi ba. Direbanmu ya kawo wannan a matsayin hujjarsa mafi ƙarfi. Ni kuwa a nan ne na rabu da shi.

Ba ina tuhumar niyyar kowa ba ne, kuma ba ni da wani abu da zan jingina wa mutumin sai alheri. Magana ce ta tsari. Duk wanda ya ɗan zauna gaban malamai ya san ba a barin mutum ya yi alƙalanci a shari'ar da yake ɗaya daga cikin masu ita, ba don an ce azzalumi ne ba, sai don a tsare shi daga zargi a kuma tsare wa ɗaya ɓangaren natsuwarsa. To ka dubi koci. Ranar Asabar yana zaune gaban Janar Manaja ana duba aikinsa, ranar Lahadi kuma shi ne zai yanke ko Janar Manaja zai fara wasa ko zai zauna a benci, ko a cire shi a minti na 60. Wane koci ne zai yi wannan da sakakkiyar zuciya? Ka dubi kuma yaro ɗan shekara 19 da ke neman gurbi ɗaya da shugabansa. Ko da an zaɓi shugaban bisa cancanta tsantsa, yaron ba zai taɓa yarda ba, kuma mutanen unguwarsu ba za su yarda ba. An ɗora wa mutum ɗaya nauyin da zai sa duk nasara a ce tasa ce, duk faɗuwa ma a ce tasa ce, sauran masu hannu a lamarin kuwa su samu inuwar fakewa. Wanda ke ƙaunar Ahmed Musa da gaske ya kamata ya fi kowa son a raba masa hular nan biyu: ya buga har ranar da ƙafa ta ce ta gaji, sannan ya hau kujera da dukkan ƙarfinsa.

Tambayar da ba a yi a mota ba

Duk tsawon tafiyar nan daga Ajingi, babu wanda ya tambayi abin da ni a ganina shi ne gundarin zancen: me ya sa bayan shekara goma sha huɗu da tafiyar yaro ɗan 17, ƙungiyar da ke wakiltar jiha mai ƙananan hukumomi 44 ba ta da wanda za ta ɗora wa fata sai shi ɗin dai da ya dawo yana da 32, da abokinsa da ya haura 40?

Bil hasali ma, shi kansa Ahmed Musa ba Pillars ce ta rene shi ba. Makarantar ƙwallo ta GBS da ke Jos ce ta gano shi, ya fara buga gasar ƙasa a JUTH ta Jos, sannan ya zo Kano. Junior Lokosa da ya fi kowa cin ƙwallo a gasar 2018 da ƙwallo 19 a rigar Pillars, daga Legas aka samo shi, kuma bai jima ba Esperance ta Tunisiya ta ɗauke shi. Mun iya sayen nunannen mangwaro a kasuwa, dashen ne ba mu iya ba.

Kuma dashen nan ba sadaka ba ce, sana'a ce mai riba. A dokar FIFA, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 zuwa 23, kowace gwargwadon shekarun da ya yi a hannunta. Kashi 5 na fam miliyan 16 fam dubu 800 ne. Wato wanda ya riƙe yaro tun yana ɗan 12, ya yi masa rajista ya ajiye takardu, zai ci gaba da girbi duk lokacin da yaron ya sauya gida a Turai. Wanda kuwa ya aro shi kaka ɗaya, rabon kaka ɗaya zai samu.

Akwai waɗanda suka gane wannan. Ikenne wani ƙaramin gari ne a Jihar Ogun, garin su Obafemi Awolowo, ba birni ba ne kamar Kano ko Ibadan. A can Kunle Soname ya gina wa ƙungiyarsa Remo Stars fili, ya kafa makarantar yara mai suna Beyond Limits, da wurin kwana da karatu. A 2024 yaran makarantar suka je Italiya suka ɗauko kofin matasa na Viareggio. A 2025 Remo Stars ta ɗauki kofin gasar Najeriya karo na farko a tarihinta, a kakar da mu muke ta kirarin dawowar gwarzonmu. Ban ce a kwaikwayi komai nasu ba, kuma kowa ya san daga irin kasuwancin da dukiyar mai ƙungiyar ta fito, wanda ni ba zan yi masa talla ba. Amma darasin tsarin yana nan: ƙaramin gari ya yi abin da babban birni ya kasa, domin can an yi haƙurin shekara goma, nan kuwa ƙungiya na hannun gwamnati, kuma duk sabuwar gwamnati da sabon kwamitinta, kowa na son abin da za a gani kafin zaɓe. Sanya hannun tauraro ana ganinsa a hoto gobe da safe. Renon ɗan shekara 12 kuwa wanda zai gaje ka ne zai ci amfaninsa, shi ya sa ba mai so.

Ku zo Gaya da la'asar sakaliya ku ga filayen makarantun firamare. Ku je ƙauyukan Ajingi bayan an kawar da amfanin gona ku ga yara na buga ƙwallo a kan kututturen dawa, ba takalmi, ragarsu duwatsu biyu. Daga nan zuwa Ƙofar Mata tafiyar da ba ta kai sa'a biyu ba ce ta Wudil, amma a wurin yaran nan ta fi Mosko nisa, domin Mosko aƙalla sun san wanda ya taɓa zuwa. Babu wani tsani da aka kafa tsakanin filin firamare da babbar ƙungiya wanda uba zai iya dubawa ya ce ga matakin farko, ga na biyu, ga wanda zan tambaya in ɗana ya ɓata.

Kuma inda babu tsani, ɓarawo ne ke kawo igiya. Ina da wani ɗalibi, yaro mai kaifin hadda da kaifin ƙafa, wanda sau da yawa nakan ga gurbinsa babu kowa ranar da ake babban wasa, in yi faɗa in gaji. Wata rana mahaifinsa ya same ni bayan sallar Magariba, ya ce, "Malam, wani mutum ya zo ya ce zai kai yaron nan gwaji, daga can sai waje. Ya ce a kawo kuɗin fom da na fasfo." Na ce masa, "Baba, wace ƙungiya ce? Ina takardarta? Wa ya san shi a garin nan?" Ya ce mutumin ya nuna masa hotuna a waya tare da manyan 'yan wasa. Na roƙe shi ya dakata. Bai dakata ba, kuma ban ga laifinsa sosai ba, domin ni da na hana shi ban da wata ƙofar da zan nuna masa. Ya sayar da raguna biyu da ya yi wa kiwon Sallah, ya haɗa da kuɗin riɗin da ya noma. Mutumin ya karɓa, lambarsa ta daina shiga tun daga ranar.

Hoton wa yaron ya liƙa a bangon ɗakinsu? Na Ahmed Musa. Kuma da ya ji ya dawo Kano, shi da abokansa sun fi kowa murna, domin a karon farko abin da suke gani a talabijin ya sauko ƙasar da suke takawa. Wannan ita ce babbar fa'idar dawowar, ta fi ƙwallayen da ya ci, kuma saboda ita ce na ce da direba yana da gaskiya. Amma an kunna wa yara fitila an bar su a ɗakin da ba ƙofa. Mutumin da ya san hanyar Holan da Rasha da Ingila, wanda wayarsa ke ɗauke da lambobin da babu wani jami'in ƙwallo a jihar nan da ke da su, an tsaya ana auna shi da ƙwallo nawa ya ci ranar Lahadi. Da masu yabonsa da masu zaginsa duk a wannan sikeli ɗaya suke awo.

In da za a ji tawa, abin da zan nema a wurin masu ƙungiyar ba shi da yawa: gasar 'yan ƙasa da shekara 15 tsakanin ƙananan hukumomi, wadda za a riƙa yi kowace shekara ba sai an kusa zaɓe ba, a lokacin da bai ci karo da makarantar boko ko ta Islamiyya ba, da rajistar kowane yaro da shekarunsa na gaskiya, da mutum ɗaya sananne a kowace shiyya wanda uba zai iya zuwa ya tambaya kafin ya kwance ragonsa. Kuɗin tarar 2022 da ta 2025 kaɗai, naira miliyan 18 da rabi, da sun isa a fara a Gaya da Ajingi da Albasu.

Yaron nan yanzu yana bin wani kawunsa Karar Wudil duk ranar Juma'a, yana taya shi kora shanu. Ya dawo makaranta, ya kusa sauka. Kwanan baya na tarar da shi a bakin fili yana kallon ƙannensa na wasa, na tambaye shi me ya hana shi shiga. Ya ce, "Malam, takalmin ne ya yage, kuma Baba ya ce kada in sake yi masa zancen ƙwallo a gida."